Inna, Na Sauya Wa Muryarki Ɗaki

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hajara, wadda Allah ya karɓi abarsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci.

Inna, ni ne Sabi'u. Na san wasiƙar nan ba za ta iso inda kike ba, na kuma san masu bibiyar shafina ne za su karanta ta. Su karanta. Da ke nake magana.

Kin san abin da na gina da hannuna. Sakandare kaɗai na yi, ita ma ban fito da takardar da zan ɗaga wa mutum ba. Babu wanda ya kai ni koyon sana'a. Da cajin waya na fara a bakin tasha a Birnin Kudu, tebur ɗaya, laima ɗaya. Daga nan na shiga tura wa mutane wa'azi a memori. Na sayi kwamfuta ta hannu, na kwance ta, na ɗaure ta, har na san kowace waya da ke cikinta. Yau shago biyu gare ni, ɗaya a nan, ɗaya a Gwaram da nake buɗewa ranar kasuwa. Na yi aure, na rufa ɗaki uku da kwano. In akwai wanda ya ɗora ni a kan hanya, ya fito ya faɗa.

To, ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Maganar kaset ɗinki ce.

Kin tuna 'yar rikodar da kike ajiyewa a gefen tabarma in matan aure sun taru karatu bayan azahar a garinmu Sundimina? Kina ɗaukar darasin ne saboda waɗanda suke jego, a kai musu har ɗaka, kada su dawo su tarar an wuce su. Bayan rasuwarki na tarar da kaset ɗin a akwatin ƙarfe, babu mai waiwayar su. Na kwaso su. Shekara guda na yi ina juye su cikin kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya, ina yanka su darasi-darasi, ina rage ƙarar iska. Ban daɗe da gama juyewa ba, ruwan damina ya shiga ɗakin ajiya ta rufi, kaset ɗin suka jiƙe suka manne. Tun daga ranar, muryarki wuri ɗaya ta rage a duniya, cikin kwamfutar shagona.

Yaya Binta, wadda take zaune a tabarmarki yanzu, ta sa ranar walimar ɗalibanta. Muka yi shawara kowace mace za ta tafi gida da memori mai ɗauke da karatunki. Na ce a bar min wannan, aikina ne.

Saura sati biyu kwamfuta ta tsaya min. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kwamfutar tana da faifai biyu a cikinta, kamar ɗaki biyu. Na farko ana ce masa C, a nan ita kanta take zaune da kayanta. Na biyu D, ni na ƙara shi, fili ne fetal. Ita kuwa manhajar da nake gyaran sauti da ita, wato abin aikin da ke cikin kwamfutar, tana da wata ɗabi'a: duk abin da ka ba ta, a wata ɓoyayyiyar folda, wato jakar ajiya, take tarawa a C, ba ta tambayar ka. Haka ta yi ta cusawa har ɗakin ya cika maƙil, alamarsa ta koma ja. In na ce ta fitar min da darasi ɗaya in sa a memori, sai ta ce babu wurin da za ta juya.

Yaya Nura ya ji labari daga Kano. Ya ce in ɗoro ta a mota in kawo, akwai masu yi mata fomatin. Inna, fomatin shi ne a share ɗakin tas, har da ke a ciki. Shi mai digiri ne, ban yi masa musu a waya ba, amma ban ɗoro ta ba.

Na nemo ɓoyayyiyar foldar da kaina, na same ta. Na ce ai magana ta ƙare, ga ɗaki a cike, ga ɗaki babu kowa. Na ɗauke ta ɗungurungum na mayar D. Jan nan ya ɓace. Har na miƙe na sayi shayi.

Da na dawo na buɗe manhajar, wayam. Babu darasi ko ɗaya. Ta gaishe ni kamar yau muka fara haɗuwa. Na ruga D, na tarar da foldar tana nan, amma abin da ke ciki gutsattsari ne dubbai masu sunan lambobi, babu wanda yake magana in ka taɓa shi. Manhajar ce kaɗai ta san yadda ake jera su su zama muryarki, ita kuma ta ce ba ta san su ba. Na so in mayar da foldar inda take, sai tsoro ya kama ni, kada ta cike ɗakin a tsakiyar hanya in rasa ta nan da can.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Yaya Binta ta kira tana tambayar aiki, na ce yana tafiya. Ki yafe min wannan. Mutumin da ya cika baki a gaban 'yan uwa, da wane bakin zai ce ya ɓatar da uwarsu?

Ranar kasuwar Gwaram na hau babur na tafi, don zaman shagon nan ya gagare ni. Da hantsi sai ga Iya Ladi, maƙwabciyarmu ta tsohon gida, ta zo sayar da kaji. Ta tsufa, Inna, amma bakin yana nan. Ta zauna a bencina tana jaddada min kada a manta da ita a rabon memori, don ita ce ta yi wata uku tana gadin zaure lokacin da muka tashi daga gidan kakanni muka koma sabon gida a bayan gari. Ta maimaita min abin da kika gaya mata ranar da aka kwashe kaya: "Ladi, matan nan wannan ƙofar suka sani. Duk wadda ta zo, kada ki bar ta ta juya, ki nuna mata inda na koma."

Ban bari ta kai ƙarshen labarinta ba. Na rufe shago rana tsaka, mutane na tsaye. Manhajar nan ba ɓatar da ke ta yi ba. Tsohuwar ƙofa ta sani, ta je ta yi sallama, ba ta tarar da kowa ba. Ni ne na kwashe kaya ban bar mai faɗa ba.

Na dawo Birnin Kudu na shiga bincike a intanet. Turancina kin san iyakarsa, da yatsa nake bin layi. Sai da la'asar ta yi na gano akwai yadda ake barin alama a tsohon wuri, mai suna iri ɗaya da foldar, duk wanda ya zo ta wuce da shi sabon wuri. Layi ɗaya ne ake rubutawa. Na kwafe shi a bayan takarda, harafi-harafi.

Amma akwai sharaɗi. Ashe da manhajar ta tarar da wurin babu komai, ta gina wata sabuwar folda fanko mai sunan waccan, kuma sai an goge ta kafin alamar ta zauna. Inna, in goge abu mai sunan da muryarki take ciki! Sau uku ina buɗe ta ina tabbatarwa babu komai a ciki. Na yi bisimilla na goge. Na rubuta layin a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, ya ƙi, ashe na manta tazara ɗaya tsakanin kalmomi. Na sake. Ya karɓa.

Na buɗe manhajar. Darussa suka jeru tun daga sama har ƙasa, kowanne da sunan da na ba shi.

Hannuna ya faɗa kan kaset na goma sha ɗaya, wanda ban kai ga gyara shi ba. Ranar da na juye shi ina ta sallamar mutane, ban saurara ba. Sai ga ki kina bayanin alwala a hankali, ana daka a maƙwabta, kaza tana kuka. Can sai kika katse: "Sabi'u! Sauko daga kan rumbun nan kafin in taso!" Mata suka kwashe da dariya. Kika ce, "Ku bar shi, wannan sai ya ga cikin abu hankalinsa yake kwanciya." Kika ci gaba da wanke ƙafa.

Na jawo ƙofar shago. Sauran ba sai na rubuta a inda mutane suke karantawa ba.

Na ce babu wanda ya taimake ni, kuma a cikin masu rai ban janye ba. Amma wannan dabarar taki ce, a zaurenmu aka fara ta.

Yanzu aiki yana gudu. Memori sun kusa cika. Na kwafe komai a wani faifai dabam na kai wa Yaya Binta ta ajiye, ba zan sake barin ki a wuri ɗaya ba. Matan ƙauyen Kangire sun aiko su ma suna so, har da waɗanda ba su taɓa ganin ki ba. D kuwa ko rabi bai yi ba, akwai wurin da zan fara ɗaukar karatun Yaya Binta in ta yarda.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowace mace da ta gyara sallarta da muryarki ladan ya iske ki. Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Saura magana ɗaya, ki zama shaida. Yaya Nura ya ce in yanke wurin rumbun nan, wai ba karatu ba ne. Ban yanke ba, ba zan yanke ba. Ya kuma turo rubutun da za a buga a takardar walima, an sa wai iyalan marigayiya ne suka tattara. Ba iyalai ne suka goge foldar nan ba. Ke kin kira sunana a gaban ɗalibanki, ba ki ɓoye shi ba. Su ma su rubuta shi, baƙi a kan fari, a ƙasan naki: wanda ya juye, ya gyara, ya adana, Sabi'u ɗan Malama Hajara. In ba haka ba, takardar nan ba a shagona za a buga ta ba.

Ɗanki,
Sabi'u
Birnin Kudu