Kalmar da Wayata Ta Haddace

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Inna? Baba ya samu shiga gonar nesa bana? Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Ruwan Godiya.

Ni lafiya lau nake a nan Japan, karatu na tafiya. Kin ce na yi shiru kwana biyu. Wayata ce ta ba ni tsoro. Kibod ɗinta, wato allon haruffan da nake rubuta Japananci da Hausa da shi, yana haddace komai, har abin da na rubuta miki na goge. Ran nan na danna "na", sai ya miƙo mini "gaji". Abin da na sha rubuta miki ina gogewa ke nan. Wa kuma ya gani? Sunan garinmu, lambar Baba, ranar da yake kai masara kasuwa, duk ta cikinsa suka bi. Kin dai san halin da ake ciki.

Wata 'yar ajinmu ta sa mini wani kibod ɗin. Masu shi sun baje yadda suka haɗa shi a fili don kowa ya duba, kuma ba ya hawa intanet. Abin da ya haddace a cikin wayar yake tsayawa.

Sati biyu kacal da sa shi, Yaya, yau na danna "na", shi ma ya kawo "gaji". Wannan karon ban goge ba: na gaji. In za ki karanta wa Inna, ki tsallake nan wurin.

Ƙanwarki,
Najiba