Na Ce Mata Roba Ce, Alhali Katako Ne

Madam Vernice,

Ki taimake ni, ranar Asabar za a yi ɓarna, kuma da bakina. Shekarata tamanin da ɗaya, karatuna bai wuce aji uku ba, amma a garin New Orleans kaf babu wanda ya fi ni sanin sarewar kilarinet.

Alcide ya mutu a watan Maris. Tare muka taso, tare muke busa a bayan gawa, har ranar da shugaban ƙungiyarmu ya ce mai sarewa ɗaya ya isa. Aka sallame ni, Alcide ya karɓi hulata ta ƙungiya ya sa. Shekara hamsin yana ce mini Agwagwa, wai haka busata take, mutane na dariya. Ki rubuta wannan, don kowa cewa yake mutumin kirki ne.

Makon jiya matarsa Odile ta kira ni cin wake da shinkafa, ta ɗauko akwatin sarewarsa, wadda ya saya gwanjo tun muna samari. Ta ce in duba mata ko abin kirki ce, don tambarin ya goge. Na murza ta da yatsa na sunsuna, ba ƙaurin roba. Na kai taga, ga zanen katako. Lambobin gaɓoɓin duk ɗaya ne, ba haɗe-haɗe. Na shafa alli a tambarin a ɓoye, sunan wani maƙerin Faransa ya fito, irin aikin hannun da ba a yi yanzu. Sai na goge allin da babban yatsa, na ce mata roba ce ta 'yan koyo.

Har godiya ta yi mini. Ta ce to ranar Asabar za ta kai a huda ta, a zura waya, a yi mata fitilar falo, ta riƙa tunawa da shi. Ta ƙara mini wake. Na ci.

Ban ce Alcide ya cancanci sarewar nan ba. Amma abinci ya daina wuce mini. Ko in aika mata takarda ba suna?

Tsohon Mabusa

Baba,

Na rubuta, kamar yadda ka ce. An cuce ka, kuma shekara hamsin ana yi maka dariya ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba Odile ta karɓi hularka ba. Ita ta yarda da idonka fiye da na kowa a garin, shi ya sa ta kira ka.

Manta da takarda. Ka taka ka je yau, kada ka jira Juma'a. Ka tafi da allinka, ka shafa a gabanta, ta gani da idonta. Ka faɗi cewa ka sani tun ranar, kada ka ce kuskure ne. Sannan ku kai wa mai gyara ya duba tsagewa da maɓallai, ya tabbatar da shekarunta. Kai kada ka yi tayin saye, kada ka roƙi aro.

Bayan haka zaɓi nata ne. In ta sayar, in ta ba ɗalibi, in ma fitilar take so, ka yi shiru. Wataƙila ta rufe maka ƙofa na wata guda, ka jure. Fushinta zai wuce, amma ramin da za a huda ba ya cikewa.

Allah ya ba ka ƙarfin ƙafa, ya sanyaya zuciyarta.

Vernice