Sunan da Ban Amsa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta da ke gabas da ƙauyenmu, ƙasar Gwiwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina mai baƙin cikin sanar da ke, tare da masu miƙo wuya suna leƙen takardar nan, wani babban rashi da ilimi ya yi a Kazaure cikin makon nan. Gara ta cinye littafin makiyayi.

Shekaranjiya na jawo akwatin katakon da nake ajiye littattafaina na tarar da ɓarnar. Daga baya ta faro, kamar mai karatun Larabci. Ta share babin likita kakaf, har da jan layin da na ja a ƙarƙashin kalmominsa, ta bar mini bango da babi uku na farko. An yi jana'izar ragowar a murhun Hajara, surukarki, wadda ta ce tunda ta zo gidan nan yau ne littattafaina suka fara amfanar ta.

Kin san littafin, ko da yake ba ki taɓa riƙe shi ba. Shekarar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai na zo hutu da shi daga kwalejin horon malamai. Tsohon littafi ne na Turawa, labarin wani makiyayin tumaki a ƙasar sanyi, wanda ƙanƙara ta sauko ta binne masa garke gaba ɗaya. Tun daga ranar, kullum da safe sai ya ɗauki sandarsa ya hau tudu, ya tsaya a bakin shingen da babu komai a ciki, yana kiran tumakin ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ya sa musu. Mutanen gari suka gaji, suka kira likita. Likita ya rubuta takarda, aka kai shi gidan mahaukata, a can ya mutu.

Irin waɗannan mutane sun cika littattafan da aka koya mana. Turawa suna son mahaukaci matuƙar a takarda yake. In aka kai babi na goma ba wanda ya zauce, malaminmu ba ya ganin littafin da gashi. Aka koya mana rarrabe su kamar yadda ake rarrabe gyaɗa a wurin awo: ga haukan gaske, ga na ƙarya, ga wanda soyayya ta kawo, ga na mulki. Ni ne gwanin ajinmu. A jarrabawa aka ce mu kawo hujjojin da ke nuna makiyayin nan ya haukace, na kawo har da waɗanda ba a tambaya ba.

Da wannan girman kai na zauna gabanki da la'asar, kina kaɗi a gindin dalbejiya, na fassara miki labarin. Ba don ki ƙaru ba na yi, don ki ga ɗanki ya ƙaru ne. Ba ki ɗaga ido daga mazari ba kika ce, “In rana ta faɗi yana komawa gida da kansa?” Na ce yana komawa. Kika ce, “Ya taɓa dukan wani?” Na ce bai taɓa ba. Sai kika tsayar da mazarin kika ce, “To duk faɗin garin nan nasu babu wanda ya iya kukan tunkiya?”

Na yi dariya har na ƙware. Ke kuwa ba ki yi ba. Kika ba ni labarin mahaifinki, Baffa, shekarar da ciwon bushiya ya ƙarar masa da shanu. Damina guda yana tashi da safe ya tafi wurin da garken yake da igiyar ɗaure maruƙa a hannu, kakata na bin sa a baya da ƙwaryar tatsa, ba ta ce masa komai. Ran nan da kansa ya rataye igiyar ya nemi fartanya. Kika ce, “Ba hauka ba ne, nisa ya yi. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, amma ba a fasa ajiye masa tuwo.”

Na ce miki ai likita ne da kansa ya tabbatar. Kika ce, “Likitan ya taɓa kiwo?” Na rufe littafina ina tausayin mutanen da ba su je makaranta ba.

Shekara goma bayan wannan zama, Habu ya dawo daga yaƙin basasa. Ƙanena ɗaya tilo, wanda ya shiga soja ba da son ranki ba. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, aka yi ta barka, aka yanka akuya. A kwana na uku, bayan sallar asuba, ya fito tsakar gida ya ƙame, ya soma kiran suna. Audu. Bitrus. Tanko. Sande. Ayuba. Haruna. Bayan kowane suna sai ya dakata yana sauraro. Mutum shida ne da suka yi zaman rami ɗaya da shi, bai taɓa gaya mana abin da ya same su ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Makon farko ba wanda ya amsa. Yakan maimaita har rana ta take, ba ci ba sha. A rana ta takwas kina gaban murhu kika ce, “Na'am.” Sai ya kira na biyu. Kika sake cewa, “Na'am.” Da ya kai ƙarshe ya ce, “An cika.” Ya wanke hannu ya sha kunu, ya saɓa fartanya ya tafi gona.

Haka abin ya zama kullum. Goggo Dije maƙwabciyarmu takan leƙo ta kan danga ta ce, “Ina kwana, Bitrus? Yaya gajiyar yaƙi?” Ke kuma ki ce, “Gara ni, soja biyar ce ni. Ke ko ɗan doka ɗaya ba ki cika ba.”

Biyar kika ce, kuma lissafinki daidai ne. Na shida sunana ne. Ba ni yake nufi ba, wani Haruna ne can da ban taɓa gani ba. Amma ni ɗan farinki ne, tunda kika haife ni sunan nan bai taɓa fita daga bakinki ba, ba kya ma son a ga kin kula da shi. “Yayan Habu” kike ce mini, ko kafin Habu ya iya tafiya. Saboda haka in ya zo kan Haruna sai ki yi gyaran murya kawai, shi kuma ya karɓa a matsayin amsa.

Geron Habu ya fi na kowa kyau a ƙauyenmu a wannan shekarar. Na rubuta wannan a nan ne domin akwai wata takarda da ya kamata in rubuta shi a ciki, ban rubuta ba.

Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa. An yi mana ƙarin albashi, na sayi babur sabo, na sayi tabarau wanda idona bai nema ba, ana kuma maganar za a ba ni shugabancin makaranta a Kazaure. Wata Juma'a na biyo ta kasuwar Gwiwa, ina kafe babur na ji wani mahauci yana ce wa abokinsa, “Ga yayan mai kiran matattu nan.” Yau zan faɗa miki gaskiya, Inna. Duk abin da na yi daga baya, daga bakin mahaucin nan ya fito. Ilimin da na yafa masa riga ce kawai.

Washegari ina tsaye a ƙofar ɗaki ina goge tabarau Habu ya fito ya ƙame. Kika amsa biyar. Ya ce, “Haruna.” Ba ki yi gyaran murya ba. Kika zuba wa tukunya ido, kika bar mini gurbin. Ya sake kira. Na ce, ba tare da na kalli kowa ba, ai ba ni yake kira ba. A karo na uku ya juyo ya dube ni, irin duban da yake mini muna yara in ya faɗi yana jiran in ɗaga shi. Na ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge. Sai da abin ya yi tsawo sannan kika yi tari.

Da rana kika ce wa Goggo Dije, da ƙarfin da zai iso kunnena, “Gaya wa yayan Habu, suna in an kira shi a cikin gida amsawa ake yi, ba a tambayar na wane ne.”

Na koma Kazaure na buɗe babin likita, na ari kalmominsa, na rubuta rahoto shafi uku a kan Habu da Turancin da ni kaina ya burge ni. Na dawo na ce miki za mu birni ne karɓo takardunsa na soja, alhali asibitin masu taɓin hankali zan kai shi. Kin gane. Kika ƙulle masa dakuwa a tsumma, kika raka mu har bakin hanya, kika ce wa iska, “A gaya musu sunayen shida ne.” Ban gaya musu ba. Na ji kunyar in tsaya gaban likita da tabarauna ina cewa a riƙa amsa wa ƙanena na'am.

Ba zan ɗora wa mutanen asibitin laifi ba. Sun ba shi gado da magani da farin zanen shimfiɗa. Abin da ba a faɗa musu ba ne ba su yi ba. Da na koma bayan mako biyu, mai kula da ɗakin ya ce kwanakin farko ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, amma yanzu ya yi shiru, ya samu sauƙi. Na hau babur na kawo miki albishir cewa ya daina kira. Kika ce, “Wa ya ce maka sauƙi ne?”

A wata na uku ya bi ma'aikatan safe ya fice ta ƙofa. Na bi tashoshin mota, na je Roni, na je Babura, na tsallaka iyaka saboda wani direban gyaɗa ya ce ya ga mai kama da shi. Yau shekara tara ke nan.

Ba ki taɓa ce mini ga abin da ka yi ba. Kullum da yamma kina zuba tuwonsa a akushinsa ki rufe da faifai, da safe ki ɗumama ki ci da kanki don kada a ce an zubar. Abu ɗaya kawai ya canja. Tun ranar da na kawo labarin ɓatansa kika daina ce mini yayan Habu, kika koma ce mini “Malam”. Mutane suka ɗauka girmamawa ce, wasu har suna taya ni murna. Har kika koma ga Allah daminar bara, da wannan girmamawar kika bar ni.

Kafin in ba Hajara ragowar littafin, na zauna na sake karanta babi ukun da gara ta raga. Shekara ashirin ina koyar da shi, ina ba yara maki gwargwadon yawan hujjar hauka da suka tara, amma sai shekaranjiya na lura cewa marubucin bai taɓa kiran mutumin nan mahaukaci da bakinsa ba. Mutanen gari ne suka faɗa, likita ya sa hannu. Har akwai wurin da ya nuna makiyayin yana tsayawa a hanyarsa ta dawowa yana gyara wa wata tsohuwa shingenta. Nan ban ja layi ba, don ba ya cikin abin da za a tambaya a jarrabawa. Ashe Baturen da ya mutu kafin a haifi Baffa yana bayanki tun farko. Ke da ba ki san baƙi ɗaya na boko ba kin karanta littafin da kunne, ni na haddace shi. Gara ma, da ta tashi ci, ta san babin da ya kamata a cire.

Akushin yana gidana yanzu. Hajara na zubawa, ni nake cin ɗumamen. Sai dai na'am ɗin da na hana shi tana nan maƙale a maƙogwarona, babu mai kira. Shi ya sa in ina tashar Kazaure na ji an ƙwala “Haruna”, ko wa ake nufi, amsawa nake yi. Direbobi sun fara kallon juna. Ina jin nan ba da daɗewa ba wani mai tabarau zai rubuta rahoto shafi uku a kaina, kuma ina fata zai tuna ya sa cewa ina komawa gida da kaina.

Na bar takardar nan a buɗe ne, Inna, domin masu leƙe su taimaka. In wani ya taɓa gamuwa da dogon mutum mai ɗan tabo a gira ta hagu, yana ƙamewa da safe yana kiran suna shida, roƙona ya amsa masa dukansu tukuna, sannan ya aiko a nemi Malam Haruna na makarantar firamare a Kazaure.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya saka miki da Aljanna gwargwadon kowace na'am da kika amsa a madadin 'ya'yan wasu. In Habu yana raye, Allah ya haɗa shi da mai amsa masa, ya karkato da ƙafarsa gida. In kuma ya riga ya iso inda kike, ki gaya masa na shidan yana nan, ya ji.

Tambayar da kika yi a gindin dalbejiya ita ce daidai. Ni na yi kuskure.

Wassalam. Ɗanki,
Yayan Habu, in kin yarda a mayar mini da sunan.