Muryar Inna a Kasuwar Tanout

Gangara, Lahadi

Ƙanena Hashimu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Na ƙi kiranka a waya ne don na san kuka zai hana ni magana.

Ka tuna ƴar tsanar da ka aiko wa ɗiyata Yagana bayan rasuwar Inna, wadda ka sa wa waƙar reno da Inna ta rera kwance a gadon jinya? Ka rantse mini guda ɗaya ce a duniya.

Jiya na shiga kasuwar Tanout sayen gishiri, sai na ji Inna tana waƙa. Na yar da kwanon da ke hannuna na bi muryar. Wani mai tebur na tarar ya jera irin ƴar tsanar nan fal. Ya latsa ɗaya, ta haɗu da ƙaramin piyano da gangar roba ba tare da waya ba, suna bin ta da kiɗa, samari na rawa. Har tarin da ya sarƙe Inna a tsakiyar waƙar yana ciki, a nan suke tafi.

Ka faɗa mini gaskiya.

Yayarka mai jiran amsa,
Sakina

Damagaram, Laraba

Yaya Sakina,

Ina gaishe ki da girmamawa, a shafa mini kan Yagana.

Ban yi don wulaƙanta Inna ba. Kayan wasan yara da ake kawowa duk waƙoƙin waje ne a cikinsu, ni da abokin sana'ata Ilyasu muka ga ya kamata yaranmu su ji tasu. Mun daɗe muna neman muryar tsohuwa mai daɗi ba mu samu ba, shi ya sa da damina na taho gida da na'urar ɗaukar murya. Tarin ne kawai na manta ban goge ba. Ki duba, yanzu har Belbeji ana jin ta. Ki yi haƙuri.

Ƙanenki,
Hashimu

Gangara, Juma'a

Hashimu,

Na samu takardarka. Ashe abin da ya kawo ka gida da damina ke nan. Inna ta rasu tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya rufe shago ya zo jinyarta. Ba zan ƙaryata ta a gabansu ba.

Ranar sadakar shekara, ka aiko da addu'a daga can. Ka huta lafiya.

Sakina