Takardar Batula

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Kwamitin ladabtarwa ya dakatar da Zaharaddin daga aikin likita na wata shida. Astagfirullah, na ji daɗi. Tare muka yi makaranta, ni nake koya masa karatu, amma yau mutanen Kurfi sai su wuce ƙofar asibitina su tafi wurinsa Dutsin-Ma. Wai hannunsa da albarka. Nawa fa, da me?

Laraba, 7 ga Mayu
Laifinsa: ya yi wa wata Batula, 'yar ƙauyen Ɗantutture, tiyatar haihuwa ba sa hannun mijinta, wanda ke ci-rani a Legas. Uwa da ɗa sun rayu, sai dai an cire mahaifa. Mijin ya kai ƙara, wai babu gaggawar da ta hana a jira shi.

Talata, 13 ga Mayu
Murna ta koma ciki. Zaharaddin ya ɗaukaka ƙara, doka kuwa ta ce hukuncin ba ya fara aiki sai kotu ta gama. Yana nan yana duba marasa lafiya, layi har bakin titi. Har Inna Kande, ƙanwar mahaifiyata, can ta kai hawan jininta. Kai, wasu da sa'a aka haife su!

Alhamis, 22 ga Mayu
Ya zo da kansa, ya rame. "Abdullatif, takardar da ka turo Batula da ita ta ɓace mana. Lauya ya ce in ba ita, kotu za ta tabbatar da hukuncin." Na ce zan duba.

Ba sai na duba ba. Kwafin yana cikin durowata. Wurina aka fara kawo Batula. Da hannuna na rubuta: jini na zuba, a gaggauta. A ƙasa kuma: ba miji, ba a taɓa ta ba. Awa biyu tana kwance a kan benci ina jiran a samu mutumin a waya.

Juma'a, 30 ga Mayu
Ban ji komai a huɗuba ba.

Litinin, 2 ga Yuni
Na kai masa kwafin. Ya karanta har ƙasa. "Wannan layin zai taɓa ka, abokina." Na ce lauya ya karanta duka, kada ya cika ni da surutu. Har yanzu haushinsa nake ji, wallahi.

Da la'asar aka kawo wata mai naƙuda daga Tamawa, miji ya yi tafiya. Ita na miƙa wa takardar izinin tiyata, ta dangwala, muka shiga tiyata.