Takardar da ta zo a jiƙe

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, kai da ba ka taɓa barin rubutu ya wuce ka ba tare da jan biro ba. Amma maganar Sani ce, autanmu, kuma ban san wanda zan gaya wa ba in ba kai ba.

Gida lafiya. Inna ta koma Shanga, ƙafar ce dai. Bayan jirgin ruwanku ya daki kututture a hanyar Wara ya kife, shugaban makaranta ya ba ni ajinka na Turanci, wai ni ce na san hannunka. Sani ma yana ciki yanzu. Ban canza tsarinka ba. Ranar Juma'a su rubuta insha'i, kada kowa ya sa sunansa, ni in gane mai takarda ta kuskurensa. Da nakan yi maka dariya in ka ce kuskuren yaro kamar tsagen fuska ne, yana faɗin gidansu. Ashe gaskiyarka. Wannan ya haɗiye ƙananan kalmomi, wancan ya zuba Hausa cikin rigar Turanci, 'yan tsibiri kuma nasu daban.

To, tun da ruwa ya fara ja, duk mako sai in sami takarda ɗaya ta ƙaru a kan adadin yaran. A jiƙe take zuwa, tana ƙarnin laka. Na ɗauka iskancin yara ne, na tsayar da ajin a rana har na ji kunyar kaina. Da na zauna na duba ta yadda ka koya min, sai na gane mai ita. Kurakuran Lami ne, yarinyar tsibirin nan da kuka nutse tare. Kuma an riga an gyara, da jan biro, da 'yar ƙugiyar nan da kake yi a gefe.

Abin da ya fi tsorata ni, Turancin Lami ƙaruwa yake yi. Abin da ta kasa bara yanzu ta iya. Ko a can ma ba ka huta ba? Na yi istigfari, na yi sadaka, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma waye ke gyara mata?

Na yi shiru da bakina har wannan Juma'ar, da jiƙaƙƙun suka zama biyu. Ta biyun ban ma kai layi uku ba na gane ta. Sani ne, da jimlolinsa marasa birki da ka sha yi masa faɗa a kai. Tasa ta gaske tana nan cikin tarin, a bushe. Na tambaye shi, ya rantse ɗaya ya rubuta. Sai dai kwanan nan kullum a bakin ruwa ake samo min shi, yana tsaye yana kallon tsakiya, bai san me ya kai shi ba.

Malam, ban taɓa yi maka musu a kan aiki ba, yau zan yi. Gobe zan sa shi a mota zuwa Sakkwato wurin yayana. Ya faɗi jarrabawa in zai faɗi, ya tsufa yana kwaɓa Turanci, na yarda. Wannan jiƙaƙƙiyar takardar tasa ba ka kai ga gyara ta ba tukuna, na duba, babu ja ko ɗigo. Don Allah kada ka taɓa ta. Ka bar min shi da kurakuransa.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Lami, ya sa kun huta.

Matarka,
Rakiya, Yelwa