Baƙin Dutsen Kawu Tomas

Ni Nyam, ina cikin hankalina, ko me likitana GP ya gaya muku. Ban yi boko ba. Fasto Jeremiah ke rubutawa, ni ke faɗa, a bazara ta huɗu bayan kullen korona.

Na ɗaya. Chollom ɗana, ka janye ƙarar nan. Kun yi kunnen doki a zaɓen kansila, jami'i ya sa sunayenku a kwali, ya zaro na abokin takararka. Dokar ƙasar Turawan nan ce, an karanta mini har sau biyu. Tabitha 'yata, ke da ke zuga shi daga Handsworth, ki daina. Rabonki da gaishe da matarsa tun ranar da ta ce a haƙura. Ki kira ta.

Shekarar da rana ta yi husufi, ina yaro a barikin kuza kusa da Bukuru, leburori suka rabu biyu daidai kan wanda zai zama helma, mai tsayawa bakin rami. Aka sa duwatsu biyu a ƙwarya, fari da baƙi. Kawu Tomas, ɗaya cikin masu neman helmancin, ya zaro baƙi, ya faɗi. Ya ƙi yarda, ya yi ta sintiri wurin Bature har aka ba shi. Kafin damina ta fita, bakin ramin ya rufta daidai inda helma ke tsayawa. Da aka tono shi, baƙin dutsen na cikin hannunsa. Tsohon da ya riƙe ƙwaryar ya rantse tun ranar ya jefa shi rafi.

Na biyu. Gidana, flat ɗin Cheetham Hill, ku raba daidai. Littafi Mai Tsarki na uwarku na Tabitha ne.

Na uku. Dutsen yana wurina, cikin gwangwanin shayi, tun ina saurayi, kullum sanyi ƙalau. Ranar da Chollom ya shigar da ƙara na taɓa shi na ji ɗumi. Ranar Lahadi bayan coci na same shi a kan kujerar da Chollom ke zama. Ni kaɗai nake kwana a gidan nan. Ku yi dariya da Turanci in kun ga dama.

Ba wanda zai gaje shi.

Ubangiji ya kiyaye ku, ku da jikokina. Kirsimeti a gida ɗaya za ku yi, ko ina nan ko ba na nan.

Gobe da safe zan sa dutsen a aljihun kwat ɗina, in hau jirgin tram zuwa ƙofarka, Chollom, in zauna. Ba zan tashi ba sai ka kira lauyanka a gabana. In kuma dole sai dutsen ya tafi da wani, a jikina zai same ni.